Ruwan ozon: Maganin da ke ƙarewa kafin a rufe randa

Duk mai riƙe da babbar waya ya taɓa cin karo da tallar nan a Facebook ko TikTok ko zaurukan WhatsApp. 'Yar na'ura ce mai siririn tiyo, a jona ta da wuta, a tsoma bakin tiyon a roba, sai ruwa ya shiga ɓulɓulo da kumfa. Wata kuma kwalbar feshi ce da ake yi wa caji kamar waya. Mai talla zai ce ruwan ya zama "ruwan ozon": a wanke latas da tumatir, a goge kicin, a fesa a bayi, a wanke kayan jariri, har ma a sha. Babu sabulu, babu bilic, babu wari. Sau ɗaya za ka saya, ka huta ke nan.

Talla ba ta jiran hanya ta yi kyau. Yadda take shiga wayar ma'aikaci a Unguwar Rimi ta Kaduna, haka take shiga ta matashi a Birnin Gwari da Kuyello da Dogon Dawa, har ƙauyukan bakin daji irin su Kusasu, muddin akwai sabis. Tun bayan sulhun da gwamnatin Uba Sani ta ƙulla a watan Nuwamban 2024, aka buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari, jama'a suka fara komawa gonaki da garuruwan da suka baro. Wanda ya koma gida bayan shekaru zai tarar da rijiyar da ba a yashe ba, da salgar da ta rufta, da aljihun da ba komai a ciki. A irin wannan hali, abin da magidanci ya kashe kuɗinsa a kai da sunan tsafta magana ce ta rai.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: ozon yana kashe ƙwayoyin cuta, wannan ba ƙarya ba ne. Amma a gidan talaka na ƙasar Birnin Gwari, ruwan ozon bai kai a dogara da shi ba, kuma kuɗinsa ya fi amfani idan aka sa su a sabulu da kulorin da mazubi mai murfi. Ga dalilaina.

Mene ne ozon?

Iskar oksijin da muke shaƙa ƙwayoyin zarra biyu ne a haɗe. Idan wutar lantarki mai ƙarfi ta ratsa iska, wasu sukan rabe su sake haɗuwa uku-uku. Wannan mai ukun ita ce ozon. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai walda, ko ya shaƙi wani kaifin wari a iska lokacin da ake walƙiya, ya san ƙanshinta. Wani masani Bajamushe, Christian Schönbein, shi ya raɗa mata suna wajajen 1840, daga kalmar Girkanci mai nufin wari. Ita ce dai iskar da ke can sama tana tare mana wani ɓangare na hasken rana mai ƙuna, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar Montreal a 1987 domin kare ta.

Ƙarfinta yana cikin rashin zamanta. Ƙwayar zarra ta ukun ba ta da natsuwa, da ta samu abin da za ta manne wa sai ta manne ta ƙone shi. Idan ta samu jikin ƙwayar cuta, ta fasa shi. Shi ya sa tun 1893 aka fara gwada ta a ruwan sha a ƙasar Holan, sannan a 1906 birnin Nis na Faransa ya kafa matatar ruwa da ke aiki da ita. A 2001 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince a yi amfani da ozon wajen kashe ƙwayoyin cuta a jikin abinci. Kamfanonin ruwan gora da dama, har da na nan gida Najeriya, da ita suke gama tace ruwansu. Akwai ma wata ƙwayar cuta mai sa gudawa, Cryptosporidium, wadda kulorin ke shan wuya a kanta amma ozon ke iya kashewa.

Wannan tarihin gaskiya ne, kuma shi masu talla ke jingina da shi. Abin da ba sa faɗa shi ne sharuɗɗan da kamfani ke cikawa kafin ozon ta yi aiki: ruwan da aka riga aka tace ya yi garau, wutar da ba ta yankewa, na'urar auna yawan iskar da ta narke a ruwa, da kwalbar da ake liƙe bakinta nan take. Sai mu ɗauki waɗannan sharuɗɗa mu kai su tsakar gida a Randagi ko Kakangi mu gani.

Minti goma sha biyu

Ozon ba ta ajiyuwa. Ba a sayar da ita a kwalba kamar Jik ko Hypo, domin kafin ta kai kasuwa ta koma oksijin. A ruwa mai tsabta da sanyinsa ya kai digiri 20, rabinta kan ɓace cikin kimanin minti 20. Idan ruwan ya kai digiri 30, kimanin minti 12 ne. Mai karatu ya yi lissafin da kansa: rabi bayan minti 12, rubu'i bayan minti 24, bayan awa ɗaya kuwa abin da ya rage bai wuce kashi ɗaya cikin 32 ba. Jarkar da ta yini a rana a watan Maris ko Afrilu ta wuce digiri 30 nesa ba kusa ba.

Zafi kuma na hana ta shiga ruwan tun farko. Kowa ya san lemon kwalba idan ya ɗumama gas ɗinsa guduwa yake yi. Haka ozon take: ruwan ɗumi ba ya riƙe ta. Yawancin kumfar da ake gani tana tasowa daga tiyon, fita take yi ta bi iskar ɗaki.

A birnin da famfo ke zuba dare da rana, wannan ba babbar matsala ba ce, domin ana tara ruwa ne a yi amfani da shi a take. Mu kuwa ruwanmu na ajiya ne. A ɗebo daga rijiya ko burtsatse ko rafi, ko 'yan ga-ruwa su kawo, a juye a randa ko duro, a yi ta sha har gobe. A tsakanin nan yaro ya dawo daga bayi ya tsoma moɗa da hannunsa, moɗar ta faɗi ƙasa a ɗauka a mayar. Masana kiwon lafiya sun daɗe da gano cewa ruwa mai kyau daga tushe yakan gurɓata ne a wajen ajiya a gida.

A nan ne kulorin ya yi wa ozon fintinkau. Kulorin yakan kashe abin da ya tarar, sannan ragowarsa ta zauna a ruwan tana gadi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana so a samu ragowar da ta kai miligiram 0.2 zuwa 0.5 a kowace lita a lokacin da ruwa ya isa hannun mai sha. Ozon ba ta barin mai gadi. Shi ya sa galibin manyan biranen da ke tace ruwa da ita sai sun ƙara kulorin kafin su saki ruwan cikin bututu. Idan injiniyoyin da ke da kayan aiki na biliyoyi ba su yarda su bar ruwa a hannun ozon kaɗai ba, me zai sa uwar gida ta yarda ta bar randarta?

Ruwan damina da dauɗar gida

Sharaɗi na biyu shi ne ruwa garau. Ozon ba ta da ido, ba ta bambance ƙwayar kwalara da ƙwayar laka. Duk abin da ta fara cin karo da shi, a kansa take ƙarewa. Ruwan rafi a watan Agusta, ko na rijiya marar murfi da kwata ta gangara ciki, cike yake da laka da ruɓaɓɓen ganye. 'Yar ozon ɗin da ƙaramar na'ura ta samar za ta ƙare a kansu, ƙwayoyin cuta kuma su laɓe a cikin ɓarɓashin ƙasa su tsira.

Haka abin yake a goge-goge. Ruwan ozon na gida, ko na'urar mai kyau ce, 'yan miligiram ƙalilan ne na ozon a kowace lita. Ruwan bilic da ake haɗawa don goge ƙasa da teburi yana ɗauke da kulorin miligiram 1,000 a lita. A cibiyoyin jinyar kwalara kuwa, wanda ake zubawa a kan kashi da aman majinyaci miligiram 20,000 ne a lita. Gaskiya ne ozon ta fi kulorin kaifi idan aka auna su kai da kai, amma kaifi ba ya maye gurbin yawa idan dauɗa ta yi kauri. Fon yaro mai gudawa, katakon da aka yanka kaza a kai, dandamalin bayi, tsummokaran mai jego: waɗannan su ne wuraren da cuta ke yaɗuwa a gidajenmu, kuma su ne wuraren da ruwan ozon ya fi rauni. Ba ya narkar da maiƙo, ba ya ɗaga datti. Aikin sabulu ne wannan.

Wuta, da rashin ma'auni

Sharaɗi na uku wuta ce. Bilic ba ya buƙatar caji, sabulu ba ya jiran a kawo wuta. Na'urar ozon kuwa, tunda ruwanta ba ya ajiyuwa, dole a kunna ta duk lokacin da ake buƙata. Ranar da yaro ya tashi da amai da gudawa da ƙarfe biyun dare, babu wuta, batirin sola ya yi ƙasa, na'urar ta zama kayan ado. A ƙauyen da ake biyan kuɗi a yi cajin waya a shago, wannan kaɗai ya isa hujja.

Na huɗu, kuma wanda ya fi tayar mini da hankali, shi ne babu yadda mai gida zai san ko na'urar tana aiki. Kumfa ba shaida ba ce, domin famfon iska ne ke yin ta, ko da ɓangaren da ke samar da ozon ya mutu kumfar za ta ci gaba da tashi. Wannan ɓangare kuma yana raunana da tsufa, danshin damina na rage masa ƙarfi, ƙurar hunturu na toshe shi. Wutar na'urar za ta kama shuɗi, ruwa ya yi ta ɓulɓula, mai gida ya samu natsuwa. Hausawa suka ce ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Wannan natsuwar ita ce haɗarin. Matar da ta san ruwanta ba shi da kyau za ta tafasa wa jaririnta. Wadda ta yarda na'ura ta gama komai ba za ta tafasa ba. A shekarar 2021 hukumar NCDC ta ƙirga mutum fiye da 111,000 da ake zargin sun kamu da kwalara a Najeriya, fiye da 3,600 suka rasu, kuma jihohin Arewa irin su Bauchi da Kano da Jigawa da Zamfara ne suka fi jin jiki. Kwalara kan iya kashe babban mutum cikin awoyi idan bai samu ƙarin ruwa ba. Mazaunin ƙauyen da sai ya yi tafiyar awoyi a kan babur kafin ya kai babban asibitin Birnin Gwari ba shi da sararin yin gwaji da lafiyar 'ya'yansa.

Abin da tallar ba ta faɗa

Ana tallar ozon da cewa ba sinadari ba ce, iska ce kawai. Iskar da ke fasa jikin ƙwayar cuta tana taɓa huhun ɗan Adam. Shaƙar ta na kawo tari da ƙaiƙayin maƙogwaro da ciwon ƙirji, tana kuma tayar wa mai asma ciwonsa. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta daɗe tana gargaɗi game da na'urorin ozon da ake sayarwa da sunan tsaftace iskar ɗaki, tana cewa adadin da ba zai cutar da mutum ba ba ya taɓuka abin kirki wajen kashe ƙwayoyin cuta a iska. Mu tuna yawancin iskar da na'urar kumfa ke fitarwa a ɗaki take ƙarewa. Ɗakin ƙasa mai 'yar taga ɗaya, da jariri kwance a gefe, ba wurin kunna ta ba ne.

Akwai kuma masu cewa ruwan ozon na cire "duk wata guba". Wannan furuci na da nauyi a yankin da ake haƙar zinari kamar Birnin Gwari. Ba mu manta gubar dalma ta 2010 a Zamfara ba, wadda ta kashe yara fiye da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum, ko wadda ta ɓulla a 2015 a Shikira ta Ƙaramar Hukumar Rafi a Jihar Neja, maƙwabciyarmu, ta kashe yara 28. Dalma ƙarfe ce, ba ta da rai balle a kashe ta. Ozon ba ta kawar da ita, kulorin ba ya kawar da ita, tafasawa ma ba ta kawar da ita. Maganinta shi ne a daina niƙa dutsen zinari da wanke shi a cikin gida ko kusa da rijiya. Duk wanda ya sayar wa iyalin mahaƙi na'ura da alƙawarin kare su daga guba ya cuce su.

Mai sayarwa zai iya nuna lambar wata hukumar Amurka a jikin kwali. A can, irin waɗannan na'urori lambar masana'anta ake ba su, ba shaidar cewa an gwada ingancinsu ba. Ko a lokacin korona, jerin magungunan goge-goge da hukumar kare muhallin Amurka ta amince da su bai ƙunshi na'urori ba.

To, kulorin fa, ba shi da aibi?

Yana da shi, kuma masu son ozon suna da gaskiya a nan. Yana da wari, yana canja ɗanɗanon ruwa, wasu ma sukan ƙi shan ruwan saboda haka. Yana cin tufafi, yana ƙona fata idan ya yi yawa, yaro kan iya ɗauka ya sha idan aka zuba shi a gorar lemo. Idan aka gauraya shi da maganin wanke masai ko wani sinadarin, yakan fitar da iska mai guba. Shi ma yana rage ƙarfi idan ya daɗe a rana, kuma ruwa mai laka yana cinye shi.

Bambancin shi ne aibin kulorin sananne ne, ana iya koya wa mutum yadda zai kauce masa cikin minti biyar. Ƙarfinsa a rubuce yake a jikin kwalba, awonsa da cokali ake yi, hanci kuma na shaida yana nan. Na'urar ozon aibinta ɓoyayye ne, sai ciwo ya zo a gane ba ta yi aiki ba.

Ga abin da ya fi sauƙi. Domin goge ƙasa da bayi da teburi, a fara wankewa da sabulu ko omo, sannan a duba kwalbar bilic. Idan an rubuta kashi 3.5 cikin 100, cokalin cin abinci biyu a lita ɗaya ta ruwa, wato ledar fiya wata biyu, ya isa. A shafa, a bar shi 'yan mintuna kafin a ɗauraye. Inda jini ko amai ya zuba, awo ɗaya na bilic a awo shida na ruwa. A haɗa sabo kullum, kada a gauraya shi da komai, a ajiye inda hannun yaro ba ya kaiwa. Wannan haɗin na goge-goge ne, ba na sha ba.

Domin ruwan sha, a fara kwantar da laka da alimun ko dakakken 'ya'yan zogale, a tace da tsaftataccen ƙyalle. Kada a raina ƙyallen: wani bincike da aka wallafa a 2003 kan ƙauyukan Bangaladash ya nuna tace ruwa da zanen mata da aka ninka sau da yawa ya rage kamuwa da kwalara da kusan rabi. Daga nan a tafasa ruwan har ya yi minti ɗaya yana zaɓalɓala, ko a sa WaterGuard ko ƙwayar Aquatabs bisa awon da ke jikin kwalin a jira minti 30. Wanda ba shi da itace ko kuɗi, ya cika farar gorar roba da ruwa garau ya shanya a kan kwano awa shida a rana mai ƙarfi, ko kwana biyu idan akwai hadari. Sannan a zuba a jarka mai ƙaramin baki, a riƙa tsiyayowa, a daina tsoma moɗa. Da tsohuwar zuma ake magani.

Wa ke da alhakin?

Ba na ganin laifin magidancin da ya sayi na'urar. Neman lafiyar iyalinsa yake yi, kuma wanda ya daɗe ba shi da ruwan famfo dole ya kama duk igiyar da aka miƙo masa. Kasuwar irin waɗannan kaya tana bunƙasa ne a gurbin da gwamnati ta bari.

Hukumomin NAFDAC da SON, da hukumar kare haƙƙin masu saye FCCPC, da ARCON mai kula da tallace-tallace, ya kamata su waiwayi abin da ake faɗa wa mutane da Hausa a shafukan sada zumunta. Wanda ya ce na'urarsa na kashe kashi 99.9 na ƙwayoyin cuta, a tambaye shi: a wane irin ruwa, a wane zafi, cikin minti nawa, wa ya gwada? Tun 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ke da tsarin gwada kayan tace ruwa na gida tana fitar da sakamako. Mai saye ma yana da haƙƙin yin wannan tambaya kafin ya zaro kuɗinsa.

Gwamnatin Jihar Kaduna kuma ta sani cewa sulhu ba ya tsayawa a buɗe hanya da kasuwa. Duk garin da mutane suka koma, hukumar RUWASSA da Ƙaramar Hukumar Birnin Gwari su bi su da yasar rijiyoyi da zuba musu kulorin, da gyaran burtsatsen da suka lalace. Madatsar ruwa ta Bagoma tana nan, a yi abin da ya kamata ruwanta ya isa gidaje a tace. Kafin damina ta kankama, a ajiye ƙwayoyin kulorin da gishirin haɗa ruwan masu gudawa a kowane ƙaramin asibiti, a kuma horar da ma'aikatan lafiya da ungozomomi su koya wa mata awon. Masarauta da limaman Juma'a suna da bakin da jama'a ke saurara, su taimaka da faɗakarwa.

Ozon tana da wurinta: kamfanin ruwan gora, matatar ruwa ta birni, masana'antar sarrafa abinci, inda akwai injiniya da ma'auni. Wanda yake da hali ya riga ya sayi na'urar, ya wanke ganye da ita a tsakar gida inda iska ke kaɗawa, da ruwa garau, ya yi amfani da ruwan nan take. Amma kada ya jingine sabulu, kada ya daina tafasa ruwan jariri, kada kuma ya bar ta kusa da fon mai gudawa da sunan ta isa. Wanda kuma bai saya ba, kuɗin nan za su ɗauke masa sabulu da bilic na watanni, har da sabuwar jarka mai murfi.